Tufka da warwara a jikin bakteriya: mene ne yake motsawa idan an ce enzayim ya kunnu?

Ɗalibar Mastas:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Tambaya ce ta hana ni sakat tun ranar Talata. Na gabatar da shirin bincikena a gaban malaman sashenmu, a kan yadda Salmonella ke gane ta shiga jikin mutum ta hanyar furotin biyu, PhoQ da PhoP. Na yi zanen da kowa ke yi: akwati a jikin tantanin ƙwaya, kibiya, harafin P na fosfet, wani akwatin, sai DNA. Da na kammala, wani dattijon malami ya ce da ni, 'yata, kin ce PhoQ ya kunnu, to mene ne ya motsa a jikinsa? Wallahi ban iya cewa uffan ba. Na koma na kwana uku ina karatu, amma sai ƙara rikicewa na yi. Wasu sun ce motsin fistin ne, wasu sun ce juyawar giya ce, wasu kuma sun ce babu wani takamaiman motsi, saki kawai furotin yake yi. Don Allah wanne ne gaskiya?

Malamin Bayokem:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, ya yi miki tambayar da ta fi duk zanen amfani. Kafin manya su shigo, bari in share fage saboda waɗanda ba fanninsu ba ne.

Tsarin da ake magana a kai furotin biyu ne, shi ya sa ake kiransa tsarin ɓangare biyu. Na farko shi ne histidin kainez, mai gadi ne da ke zaune a cikin tantani, kansa a waje yana sauraro, jikinsa a ciki. Na biyu ɗan aike ne da ke yawo a cikin ƙwaya. A naki tsarin, PhoQ ne mai gadi, PhoP ne ɗan aike. Idan mai gadi ya ji abin da yake jira, sai ya ciro fosfet daga ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwaya, ya ɗora a kan wani amino asid na jikinsa mai suna histidin, sannan ɗan aike ya karɓa a kan aspatet ɗinsa, ya je ya kama DNA ko ya canza juyin wutsiyar da ƙwaya ke iyo da ita. A 1986 Ninfa da Magasanik suka nuna haka a mai gadi NtrB da ɗan aikensa NtrC, a 1988 kuma ɗakin binciken Melvin Simon ya nuna cewa histidin ne ke karɓar fosfet a CheA. E. coli na da irin waɗannan masu gadi kusan 30.

Siffar mai gadin ita ce inda tambayarki take. Galibi tagwaye ne, ki ce Hassan da Husaini. Kowannensu ya ba da heliks biyu, wato zaren furotin da ya murɗe kamar sifirin, huɗun suka haɗu suka zama ginshiƙi. A jikin ginshiƙin histidin yake. A ƙarshen kowane ɗaya kuma akwai dunƙule kamar hannu, shi ke riƙe da ATP. Lokacin da enzayim yake a kashe, hannun yana manne a gefen ginshiƙi, nesa da histidin. Kunnuwa ita ce hannun nan ya samu damar kai ATP bakin histidin. Ga wahalar: wurin da ake jin saƙo da wurin da ake aikin, a wasu kainez ɗin tazararsu ta kai angistirom 100 ko fiye (angistirom ma'aunin tsawo ne a matakin atom), kuma akwai tantani a tsakani.

Dokta a Ƙetare:
Malam ya gama shimfiɗa. Ƙanwata, fistin da giya duk an gan su, sai dai a wurare daban-daban aka gani, kuma mutane daban-daban ne suka gani.

Fistin ya fito ne daga Tar, mai jin aspatet a tsarin iyon bakteriya. A 1996 Chervitz da Falke suka lissafa cewa idan aspatet ya zauna, heliks ɗaya na zamewa zuwa cikin ƙwaya da kimanin angistirom 1.6. Ki tuna tsawon haɗin kabon da kabon angistirom 1.5 ne. Wato saƙon gaba ɗaya kusan faɗin haɗi ɗaya ne kawai. A 2017 Gushchin da abokan aikinsa suka fitar da siffar NarQ, mai jin naitiret, har da ɓangaren cikin tantani, da naitiret da kuma babu. Suka ga zamewa ta kusan angistirom 2.5, sannan wani ƙaramin ɓangare da ke ƙarƙashin tantani, mai suna HAMP, ya karɓi wannan 'yar zamewa ya buɗe kamar almakashi, ƙarshensa ya matsa da kusan angistirom 7.

Giya kuma daga Tubingen ta Jamus ta fito a 2006. Sun duba HAMP na wani furotin mai suna Af1503 suka ce heliks huɗun na juyawa tare da digiri 26, kamar haƙoran giya da ke cizon juna. Daga baya Parkinson na Jami'ar Utah, bayan ya canza amino asid ɗin HAMP ɗin Tsr, ɗan uwan Tar, ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi abin da ya gani bai yi kama da matsayi biyu tsayayyu ba, ya fi kama da ƙunshi mai tsukewa da sakewa.

Amma idan kina son misalin da zai zauna miki a ka, ki bar waɗannan ki dubi DesK.

Ɗalibar Mastas:
Yaya Dokta na gode. DesK ɗin ban taɓa jin sa ba. Na wace ƙwaya ne?

Dokta a Ƙetare:
Na Bacillus subtilis ne, kuma sanyi yake ji. Aikin mutanen Kudancin Amurka ne: ɗakin Diego de Mendoza a Rosariyo ta Ajantina, da na Alejandro Buschiazzo a cibiyar Pasteur ta Montebidiyo a Yurugwai. Ina faɗin wannan da gangan, don mu san ba a Amurka da Turai kaɗai ake irin wannan aiki ba.

Idan aka sauke ƙwayar daga digiri 37 zuwa wajen 25 ko ƙasa, man da ke cikin tantaninta yana daskarewa, kamar yadda man shanu ke yi da hunturu, tantanin ya ƙara kauri. DesK ba ma'aunin zafi yake da shi ba, kaurin nan yake ji. Sai ya ba ɗan aikensa DesR fosfet, DesR ya sa a ƙera wani enzayim da ke lanƙwasa sarƙoƙin man, tantani ya koma ruwa-ruwa.

A 2009 suka fitar da siffofin ɓangaren cikinsa a yanayi daban-daban. Abin da ya bayyana shi ne wannan. Heliks ɗin Hassan da na Husaini da suka fito daga tantani suna iya naɗe juna kamar igiyar rama da aka tufka. Idan tufkar ta yi kyau ta tsuke, ginshiƙi na juyawa ta yadda histidin zai karkata ciki, kuma hannayen biyu masu ATP su manne a jikinsa, ba sa motsi. A wannan yanayi DesK ba kashe yake kawai ba, wani aikin yake yi: yana kama DesR ya cire masa fosfet. Idan sanyi ya zo, jan da tantani ke yi sai ya warware tufkar, hannaye su saku, su yi ta lilo har ɗaya ya kai ga histidin. Don su tabbatar, sun canza amino asid ɗin wurin tufkar. Da suka ƙarfafa ta, furotin ya maƙale a aikin cire fosfet ko ana sanyi. Da suka raunana ta, ya maƙale a aikin ɗorawa ko ana zafi.

Don haka ni amsata ga dattijon malaminki ita ce: ba tura hannun ake yi zuwa wurin aiki ba, kwance shi ake yi. Dama can yana son zuwa, ɗaure yake.

Mai Shakka:
Dokta, da girmamawa, ban gamsu ba. Duk siffofin DesK da ka ambata, an yanke masa kai ne kafin a yi su. Furotin ɗin yana ratsa tantani sau biyar, kuma a nan ne yake jin sanyin, amma wannan ɓangaren duk babu shi a cikin kiristal, wato sandararren furotin ɗin da ake ɗaukar hoton siffarsa. Ta yaya za a yanke wa abu kunne sannan a ce an ga yadda yake ji? Na biyu, kiristal hoto ne tsayayye. An matse furotin a cikin gishiri mai yawa, an daskarar da shi a digiri 100 na Kelbin, an ɗauki hoto uku ko huɗu, sannan mu muka jera su muka ce wannan ne farko, wannan ne ƙarshe. Jerin namu ne, ba na furotin ba.

Dokta a Ƙetare:
Maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa noman kiristal ya san ta. Na shafe wata bakwai a kan furotin ɗaya kafin in ga 'yan allurai a ƙarƙashin madubi, kuma na san yanayin da ya ba ni su ba shi ne yanayin cikin ƙwaya ba. Shi ya sa ban tsaya a kan hoton ba, na kawo maka gwajin canza amino asid, wanda a cikin ƙwaya mai rai aka yi shi. Hoto ya ce tufka ce makunni, aka je aka taɓa tufkar, makunni ya amsa. Wannan ba jerin mu ba ne.

Ta farkon kuma an amsa rabinta. A 2010 Larisa Cybulski a ɗakin de Mendoza ta haɗa farkon heliks na ɗaya da ƙarshen na biyar ta yi heliks guda mai ratsa tantani, kuma wannan ɗan guntun ya ci gaba da jin sanyi. Sun kuma saka furotin a cikin tantanin da suka haɗa da mai mai gajeren sarƙa da mai dogo, aikin kainez ya ƙaru a mai kaurin.

Mai Shakka:
Na karɓi wannan. Amma ka ce rabi, ni ma rabi na karɓa. Abin da ya faru a DesK ba dole ne ya zama doka ga PhoQ ba. PhoQ yana da HAMP, DesK ba shi da shi. PhoQ maganiziyam yake ji, da tsami, da guntayen furotin ɗin da jikinmu ke harbin ƙwayoyi da su. Kar ƙanwarmu ta koma gaban malamai ta ce warwarar tufka ce, a tambaye ta a ina aka ga haka a PhoQ.

Malamin Bayokem:
Wannan gargaɗin yana kan hanya. Abin da za ta iya faɗa a kan PhoQ shi ne: kansa na waje yana da wani fili mai amino asid masu cajin ragi, yana fuskantar tantani wanda shi ma cajinsa ragi ne. Maganiziyam mai cajin ƙari biyu shi ke shiga tsakani ya zama gada, ya riƙe kan a manne. Idan maganiziyam ya yi ƙaranci, ko guntayen furotin ɗin nan suka ture shi, gadar ta karye, kan ya ɗaga. Ku lura, nan ma dai abin da aka ɗaure ne aka saki.

Ɗan Gona:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni fannina ƙasa da shuka ne. Amma wannan magana ta shigo gonata. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Ka ɗauki ɗaya ka fasa da farce. Idan cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki. Idan fari ne ko kore, babu abin da yake ba shukar. Jan nan wani furotin ne ɗan uwan na jininmu, shuka ke yin sa don ya kame oksijin, saboda enzayim ɗin da bakteriyar ciki ke juya iskar naitirojin da shi zuwa taki, oksijin na lalata shi. To ita bakteriyar ta yaya take sanin oksijin ya yi ƙasa har ta fara aiki? Da FixL, wanda shi ma histidin kainez ne. Yana ɗauke da him, irin na jini. Muddin oksijin na zaune a kan ƙarfen him ɗin, kainez a kashe yake. Da ya tashi, sai FixL ya ba ɗan aikensa FixJ fosfet. A 1991 Gilles-Gonzalez ta nuna haka a ƙwayar da ke zama a saiwar alfalfa, kuma Bradyrhizobium, dangin da ke shiga saiwar waken suya da wake da gyaɗarmu, suna da shi.

Tambayata ga Dokta: na taɓa jin an cire wa FixL kansa an dasa masa mai jin haske. Da gaske ne?

Dokta a Ƙetare:
Da gaske ne Malam, kuma ka kawo hujjar da ta fi duk wadda na kawo ƙarfi. A 2009 Andreas Möglich da Keith Moffat a Shikago suka ɗauki ɓangaren da ke jin shuɗin haske daga YtvA na Bacillus subtilis suka haɗa da jikin FixL na Bradyrhizobium japonicum. Suka kira shi YF1. A duhu yana aiki, idan aka haska shi aikin ya faɗi da fiye da ninki dubu. Kai daga wata ƙwaya, jiki daga wata, kuma suka fahimci juna.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne wasan da suka yi da tsawon heliks ɗin da ya haɗa kan da jikin. Ga lissafin. A heliks, kowane amino asid ɗaya yana juya ka da kusan digiri 100. A cikin tufka, amino asid 7 suna yin zagaye biyu cif. To da suka ƙara 7 ko suka rage 7, furotin ya ci gaba da jin haske kamar da, duk da cewa tsawonsa ya canza da kusan angistirom 10. Da suka ƙara ko suka rage adadin da ba 7 ba, yawanci jin ya lalace, a wasu tsawon kuma har juyewa abin ya yi, haske ya koma kunnawa maimakon kashewa. Idan da turi ne kawai ke tafiya a cikin heliks ɗin, me ya sa 7 zai bambanta da 6? Abin da jiki ke karantawa shi ne ta wace fuska heliks ya shigo masa, wato kusurwar murɗi.

Mai Shakka, ga amsata a kan ko DesK doka ne. Ba na cewa kowane kai iri ɗaya yake motsawa. Wani fistin, wani almakashi, wani juyi. Amma duk suna ƙarewa a wuri ɗaya, su canza yadda heliks biyun nan suka naɗe juna a bakin ginshiƙi. Shi ya sa dashen kai yake yiwuwa. Tun 1989 ɗakin Inouye ya dasa kan Tar a jikin EnvZ, wani mai gadi na E. coli, EnvZ ya koma jin aspatet. A 2005 wasu suka dasa masa mai jin jan haske daga wata bakteriya mai launin kore-shuɗi, har suka ɗauki hoto a kan shimfiɗar E. coli.

Mai Shakka:
Wannan ta 7 ɗin ta shige ni. Ba ni da ja a kanta.

Ɗalibar Mastas:
Allah ya ƙara basira. Akwai inda na tsaya: idan hannaye biyu suka saku, duka biyun ne ke aiki lokaci guda? Kuma Hassan kansa yake ɗora wa fosfet ko ɗan uwansa?

Malamin Bayokem:
Ba lokaci guda ba. Kin san lugude? Mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. A siffar mai gadi CpxA da aka fitar daga cibiyar Pasteur ta Faris a 2014, ginshiƙin ya lanƙwashe gefe ɗaya, hannu ɗaya yana bakin histidin, ɗayan yana can nesa. An ga irin wannan rashin daidaito a wasu ma. Yanayin cire fosfet shi ne mai daidaito, dama da hagu iri ɗaya. Yanayin ɗorawa karkatacce ne.

Tambaya ta biyu kuma, shekaru da yawa ana koyar da cewa kullum Hassan Husaini yake ɗora wa, domin haka EnvZ yake yi. Sai a 2009 Casino da Rubio da Marina a Balensiya ta Sifaniya suka nuna HK853 na Thermotoga maritima kansa yake ɗora wa. Daga baya ɗakin Michael Laub ya nuna cewa ɗan madaukin da ya haɗa heliks biyun ginshiƙi shi ke yanke hukunci, ya danganta da ko ta dama ya zagaya ko ta hagu. Da aka musanya madaukin, hali ya musanya.

In ƙara miki wani abu da zai cece ki a ɗakin gwaji. Fosfet ɗin histidin a jikin naitirojin yake rataye, ba oksijin ba, kuma tsami da zafi suna tsinke shi. Na taɓa rasa aikin mako biyu saboda na tafasa samfur kuma na jiƙa jel ɗin a ruwan asid kamar yadda aka saba yi wa sauran furotin. Fim ya fito fari fat. Kar ki tafasa, kar ki kusanci asid.

Ma'aikaciyar Lab ɗin Asibiti:
Ina bin ku tun farko. Ni abin da nake gani kullum a faranti shi ne ƙwayoyin da magani ya daina ci. Tunda an ce jikin ɗan Adam ba shi da irin wannan tsarin, kuma an san siffarsa haka dalla-dalla, me ya hana a yi maganin da zai toshe shi? Ga taifot, ga tarin fuka, ga kwalara duk damina.

Dokta a Ƙetare:
Hajiya, tambayar da ke ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya ke nan. Dalilin nema a bayyane yake. Salmonella da aka cire wa PhoP ba ta iya rayuwa a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. VanS da VanR su ke kunna juriyar maganin bankomaisin a Enterococcus. PmrA da PmrB na da hannu a juriyar maganin kolistin. Staphylococcus aureus ba ta rayuwa sam idan babu WalK da WalR. Ƙwayar tarin fuka tana amfani da DosS da DosT, masu him kamar FixL, ta gane iska ta ƙare ta kwanta barci a cikin huhu.

Matsalar ita ce aljihun da ATP ke zama. Siffarsa ɗaya da ta wasu furotin na jikinmu, irin su Hsp90, don dangi ɗaya ne. Abin da ya shiga wancan aljihu yana iya shiga wannan. Kuma sinadaran farko da aka yi murna da su a ƙarshen shekarun 1990, da aka bincika da kyau, da yawansu cure furotin kawai suke yi ko su huda tantani. Har yau babu maganin irin wannan da ya isa kantin magani. Ni ra'ayina, kuma ra'ayi ne, sanin tufkar nan shi ne zai buɗe wata ƙofa. Maimakon a yi kokawa da ATP a aljihunsa, a nemi abin da zai riƙe enzayim a yanayin tsukewa. Nan riba biyu ce, ya daina ɗorawa kuma ya ci gaba da cirewa.

Malamin Bayokem:
Tunda Hajiya ta ambaci kwalara, akwai wani dangin enzayim da bai kamata a tashi ba a taɓa shi ba. Su ne masu ƙera c-di-GMP, ɗan saƙon da ke gaya wa bakteriya ta daina iyo ta zauna ta yi yauƙi ta manne. Vibrio cholerae, ƙwayar kwalara, na da irin waɗannan enzayim da dama. Ɗakin Moshe Benziman a birnin Ƙudus ne ya gano sinadarin a 1987.

Kunnuwarsu ta fi sauƙin gani. Sinadarin daga GTP biyu ake ƙera shi, GTP kuwa ɗan uwan ATP ne, amma kowane ɓangaren enzayim GTP ɗaya yake iya riƙewa. Rabin aiki ne a hannun kowa, sai an haɗa biyu fuska da fuska. A Basel ta Suwizalan, Tilman Schirmer da Urs Jenal suka fitar da siffar PleD na Caulobacter a 2004, sannan a 2007 suka fitar da ta kunnanne. Fosfet na sauka a ɓangaren karɓa, ɓangaren ya gyara zama, PleD biyu su manne, rabi ya samu rabi. Abin da na fi so shi ne birkinsa. Idan c-di-GMP ya yi yawa, sai ya koma ya zauna a wani wuri dabam a jikin enzayim ɗin, ya ɗaure ɓangarorin aikin ta yadda ba za su iya fuskantar juna ba. Dabaibayi ne sak, irin wanda ake yi wa jaki. Bakin aiki a buɗe yake, GTP na iya shiga, amma ƙafa ba ta zuwa.

Mai Shakka:
To ku bari in dawo da abin da ya rage mini. Kalmar kunnawa kanta nake tuhuma. Tana sa ɗalibi ya ɗauka furotin kamar ƙwan lantarki ne, ko a kashe ko a kunne, kuma fosfet ne yatsan da ke danna makunni. A 2001 Volkman da Dorothee Kern suka duba NtrC da na'urar NMR, a cikin ruwa, ba kiristal ba. Suka tarar tun kafin fosfet ya zo, furotin yana kai da komo tsakanin siffar kashe da ta kunne, sau dubbai a cikin daƙiƙa. Fosfet bai ƙirƙiro sabuwar siffa ba. Ya tarar da ita, ya riƙe ta, ya ba ta rinjaye. Sikeli ne da dama yake rawa, aka ɗora ɗan dutse a gefe ɗaya. Idan haka ne ga ɗan aike, ina ganin haka ne ga mai gadi ma, kuma hakan ne ya sa zamewar angistirom biyu take isa. Ba ta buƙatar ta ɗaga komai, rinjaye kawai za ta karkatar.

Dokta a Ƙetare:
A nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Abin da nake kira kwancewa shi kake kira rinjaye. Inda za mu ci gaba da ja shi ne ko siffofin guda biyu ne tak ko sun fi haka, kuma ina jin sai na'urar madubin lantarki mai daskarewa ta ba mu cikakkun kainez da yawa, da kai da jiki a cikin tantani, kafin mu rufe wannan.

Ƙanwata, ga aikin gida. Ki sauke PyMOL ko ChimeraX a kwamfutarki. Ki shiga rumbun PDB, kyauta ne, ki ɗauko 3CHY da 1FQW. Duka siffofin CheY ne na E. coli, ɗan aiken da ke karɓar fosfet daga CheA. Na farko babu fosfet. Na biyu an sa masa berilyam fulorayid, wanda ke kwaikwayon fosfet, saboda na gaskiyar ba ya daɗewa a jikin CheY, cikin daƙiƙu yake faɗuwa. Ki ɗora ɗaya a kan ɗaya, ki nuna amino asid uku kawai: aspatet 57, tiriyonin 87, tairosin 106. Ki dawo ki gaya mana abin da kika gani.

Ɗalibar Mastas:
Yaya Dokta na yi, sai da na jira wuta ta dawo da daddare. Da farko na ɗauka ban ɗora daidai ba, don kusan komai ya hau kan juna, sai ka ce furotin ɗaya. Da na ɓoye sauran na bar ukun nan, sai na gani. A 1FQW tiriyonin 87 ya matso wajen aspatet kamar an jawo shi da zare, ya bar gurbi a bayansa, zoben tairosin 106 kuma ya juyo ya shige cikin gurbin. Gefen da ya bari shi ne fuskar da CheY ke kama injin wutsiya da ita.

Amma akwai abin da ya dame ni. A 3CHY tairosin 106 sau biyu ya fito mini, zobe ɗaya yana leƙe waje, ɗaya yana ciki, duka daga tushe ɗaya. Fayil ɗin ne ya lalace in sake saukewa?

Dokta a Ƙetare:
Kar ki sake saukewa, lafiyarsa lau. Haka Volz da Matsumura suka gan shi a 1991. A cikin kiristal ɗin, wasu ƙwayoyin CheY zobensu na waje, wasu na ciki, kuma babu fosfet a jikin ko ɗaya, shi ya sa suka zana duka biyun. Ki ɗauki hoton allon nan yadda yake, ki ajiye shi kusa da na 1FQW, ki kai wa dattijon malaminki.

Mai Shakka:
Ki turo mana hoton nan ma don Allah, ina so in nuna wa ɗalibaina ranar Litinin.